Buhunan da Kalli Ya Ƙi Ɗinkewa

Tsoro ya fara kama Kalli wata Talata da hantsi, a lambun tattasai na Alhaji Goni da ke bakin kogin Kumadugu. Su tara ne a jere suna tsinka, sai Al-Amin da ke kusa da shi ya saki kwando, ya sandare, ya kifa cikin hanyar ruwa. Ƙafafunsa na dukan laka, kumfa na fita ta gefen bakinsa, ruwan da inji ke turowa yana bi ta kan fuskarsa. Taku uku ne tsakaninsu. Kalli ya tsaya yana kallo da tattasai biyu a hannu, kuma abin da ya zo masa a rai shi ne, to wa zai ƙarasa layin Al-Amin?

Laminu, shugaban 'yan ƙwadagon, shi ya rugo daga ƙarshen lambu ya ciro shi. Aka ɗora shi a amalanke aka nufi gari. Da ƙura ta lafa, Laminu ya ɗauko butar kafe, wato gahawa, daga gindin bishiya, ya girgiza, ya ji da saura.

"Rabon Al-Amin ne," ya ce. "Ku matso, kada ya yi sanyi."

Wannan buta ita ce ke tafiyar da aikin lambun. Kullum da safe Laminu yakan dafa baƙin kafe da sukari, ya murƙushe ƙwayoyin tramol ya zuba a ciki, kofi ɗaya ya zagaya kowa. Wanda ya sha ba ya jin yunwa, ba ya jin rana, ba ya jin bayansa. A shekarun da sojoji ke barin manoma su sauka bakin kogi da safe kawai, su fice kafin la'asar, aikin yini biyu ake dunƙulewa a yi shi cikin rabin yini, kuma kowa ya san da me ake yin sa.

Kofi ya iso gaban Kalli. Ya dubi hannunsa, ya ga ko rawa ba ya yi. Al-Amin ɗan garinsu ne, tare suka gudo, tabarma ɗaya suka kwana a bakin kwalta wata bakwai. Ga shi ya kusa mutuwa a gabansa, shi kuwa zuciyarsa tana bugawa a hankali kamar ta wanda ke jiran a kira salla. A nan ne tsoron ya taso masa. Faɗuwa cikin ruwa ba ta dame shi sosai ba. Mutumin da ya tsaya yana kallon nan shi yake tsoro.

Ya miƙa wa na kusa da shi kofin bai kurɓa ba.

An haifi Kalli a wani ƙauye gabas da Tumur, shekara talatin da huɗu ke nan. Ubansa manomin tattasai ne, kuma shi ne ɗinkin buhunsa ya yi suna a yankin, har fataken da ke zuwa daga nesa sukan gane buhun gidansu da ganin bakinsa. Tun Kalli bai kai tsawon buhu ba aka ba shi basilla. Kafin a ɗinke, tsohon yakan zura hannu har gwiwar hannu ya ciro tattasai daga tsakiya, ya kaɗa a kunne ya ji ko 'ya'yan suna ƙara, ya karya, sannan ya shinshina. Sai duk ukun sun gamsar da shi yake barin igiya ta shiga.

Shekarar da aka yi gudun 'yan bindigar daji, da tsakar rana suka bar ƙauyen, tukwane na kan wuta. Tsohon ya rasu a rumfar leda a bakin kwalta, ciwon ciki na kwana uku. Kalli ya shigo Diffa da matarsa Hadjara da basillar ubansa a aljihu. Ya yi dako a kasuwa, ya buga bulo, ya tura kura. Da aka sake buɗe wa manoma bakin kogi, Laminu ya ɗauke shi cikin mutanensa don ya iya ɗinki, kuma ranar farko aka miƙo masa kofi. Ƙin karɓa rashin kunya ne, don kofin nan shi ne shaidar cewa kai nasu ne. Ya sha. Bayan shekara guda kofi ɗaya ya daina isar sa, ya koma sayen tasa ƙwayar yana ƙarawa. Haka ya yi shekara biyar.

Al-Amin bai mutu ba. Danginsa suka zo suka tafi da shi Fulatari wurin kawunsa mai dabbobi, kuma tun daga nan bai sake taka bakin kogi ba.

Barin ƙwaya bai zo wa Kalli da sauƙi ba. Kwana biyu da ƙin kofin, ƙasusuwansa suka fara yi kamar ana sara su da gatari. Gumi da sanyi lokaci guda, hamma ba iyaka, ciki ya ɓaci, ƙafafu suna harbin tabarma da kansu. Hadjara ta ja shi zuwa likita. Ma'aikacin da ya duba shi, wani Bazabarme da aka turo aiki daga yamma, ya yi masa faɗa da Hausarsa mai tsalle, ya ce wannan abu ba a yanke shi rana ɗaya, sai a hankali, ya tsara masa yadda zai rage. Sati shida aka yi ana wannan kokawa. Sau biyu Kalli ya kai har bakin teburin mai sayar da ƙwaya, ya tsaya kamar mai neman wani, ya juya.

Abin da ya fara dawo masa yunwa ce. Wata safiya ya fito ƙofar gida, ƙamshin ƙosan maƙwabciya ya bugo shi, cikinsa ya yi wani kuka da har Hadjara ta ji daga tsakar gida. Ya ci ƙosai da yaji a tsaye, yana ƙona baki, yana dariya shi kaɗai. Ashe ƙosai yana da ɓawo mai ƙaras a waje da laushi a ciki. Ya manta.

Ranar nan da rana Hadjara ta kawo tuwo da miyar kuka. Ya kai loma ɗaya ya tsaya.

"Hadjara, gishirin nan fa?"

"Me ya yi?"

"Ya yi yawa. Kamar a Bilma, garin gishiri, aka dafa ta."

Ta ajiye ludayi ta dube shi. "Baban Sumaiya, shekara biyar haka nake zuba shi. Da gangan na fara ƙarawa, in ga ranar da za ka yi magana. Har hannuna ya saba."

"To ita Sumaiya da ke ci fa?"

"Tata daban nake ɗiba kafin in zuba. Ni da kai muke shan wahalar."

Suka yi dariya har ta share ido da bakin zane, kuma dariyar ba ta ƙare da kyau ba, don daga baya ta shiga ɗaki ta daɗe. Shi kuwa ya cinye tuwon tas da gishirinsa.

Da ya ji ƙarfi ya koma lambu. Ya tafi da 'yar butar shayinsa da ɗan murhun waya da gawayi a leda. Lokacin da kofin Laminu ke zagayawa, shi sai ya koma gefe ya hura wutarsa, ya dafa ganyen shayi da na'ana'a, yana ɗaga buta sama yana zubawa har kumfa ta tashi. Ba ya gaggawa. Yakan riƙe ɗan kofin a tafin hannu ya ji ɗuminsa kafin ya kai baki.

"Ku ga tubabbe," in ji Laminu ranar farko.

A Diffa wannan kalma ba ta wasa ba ce, don haka ake kiran waɗanda suka fito daga daji suka ajiye bindiga. 'Yan ƙwadago suka kwashe da dariya.

"Na tuba, Ya Laminu," Kalli ya ce. "Kai ma akwai wuri, tabarmar da faɗi."

"Shayin mata zai tsinke maka layi?"

"Zai tsinke. Sai dai ba zai kifa ni a ruwa ba."

Dariyar ta tsaya. Laminu ya tofar da yawu ya juya.

Gaskiya ne aikinsa ya ragu. Su suna ƙarshen layi shi yana tsakiya. Bayansa na ciwo, rana na cizonsa, gumi na shiga masa ido. Amma ya gano wani abu da bai iya bayyana wa kowa ba, wato gajiya tana da daɗi. In aka tashi, yakan gangara bakin Kumadugu ya naɗe wando, ya tsoma ƙafafu cikin ruwan sanyi, ƙananan kifaye su taru suna tsattsagar masa yatsu. Yakan zauna minti goma yana jin yadda ciwon ke sauka daga cinya zuwa diddige. Can tsallake Najeriya ce, kuma kowa ya san ba a daɗewa a bakin ruwan saboda 'yan bindiga, amma minti goman nan ba ya yafe su. Ya lura da wani tsuntsu baƙi da fari da ke tsayawa cak a sama yana kaɗa fuffuke kafin ya faɗo ruwa. Shekara biyar yana zuwa bakin kogin nan bai taɓa ganinsa ba.

Har atishawa ta zama masa abin marmari. A filin shanya, inda ake baza tattasai ja wur har iyakar gani, in ana juyawa da manjagara ƙaurin yakan tashi. Da can yana shiga ya fita kamar icce. Yanzu sai ya yi atishawa biyar a jere, hawaye na zuba, ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi kowace sau, da gangan, don Laminu ya ji.

Abin da ya hana a kore shi ɗinki ne. Cikin su duka babu mai iya rufe bakin buhu yadda zai kai Kano ko Damagaram bai fashe ba sai shi. Laminu ya san haka, Kalli ma ya sani, shi ya sa suke zaune da juna kamar maƙwabtan da suka yi faɗa a kan katanga.

Ranar Asabar da ta wuce aka zo cika buhuna na tsinka ta biyu. Alhaji Goni ya tafi Damagaram jinyar ido, ya bar komai a hannun Laminu, da umarnin cewa kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, zai zo da hantsi, kuma lalle ya wuce shingen sojoji kafin a rufe hanya. Laminu ya ƙara wa buta ƙarfi ranar. Kafin rana ta yi tsaka an cika buhuna, ana shiga ciki ana dannawa da ƙafa, an jera su a tsaye bakinsu buɗe suna jiran basilla.

Kalli ya ɗinke na farko da na biyu, waɗanda aka ɗebo daga gefen fili. Da ya sunkuya kan na uku sai wani wari ya taɓa masa hanci, ɗan kaɗan, irin na tabarmar da aka naɗe da danshi. Ya zura hannu har gwiwar hannu ya ciro ɗaya daga tsakiya. Ya kaɗa a kunne, shiru. Ya lanƙwasa, ya lanƙwasu kamar fata, bai karye ba. Ya bi sauran buhunan ɗaya bayan ɗaya. Daga tsakiyar fili aka kwaso su, inda aka zuba shanyar da kauri ba a juya ƙasan ba. Sama ya bushe, ƙasa da sauransa. In aka danne irin wannan aka ɗinke, aka rufa masa tampol a bayan kamyo kwana biyu, abin da za a buɗe a kasuwa baƙar fumfuna ce.

Ya soke basilla a hularsa ya miƙe.

"Ya Laminu, wannan bai bushe ba."

"Ɗinka."

"Zo ka shinshina."

Laminu ya zo da sauri, idanunsa jajur, ya cusa fuska a bakin buhu ya ɗago. "Ban ji komai ba."

"Na san ba ka ji ba."

"Kai, Kalli, ni za ka koya wa tattasai? Kana goye na fara wannan aiki."

"Ba na musu. Amma hancinka yana cikin buta, nawa yana fuskata."

Wani daga baya ya yi dariya ya haɗiye ta. Direban kamyo ya danna oda, ya leƙo ya ce shi fa ƙarfe biyu zai tashi, da kaya ko babu.

"Alhaji ya ce a loda yau," Laminu ya ce. "In kamyon nan ya tafi wayam, ni za a tambaya. Ka ɗinka, in ya ruɓe a hanya ba a hannunmu ya ruɓe ba."

"A ɗinkina zai ruɓe. Duk wanda ya buɗe zai duba bakin buhu ya san hannun wa ne."

"To ba ni basillar."

"Ta ubana ce. Nemo taka."

Babu wata basilla a lambun. Laminu ya kai hannu zai fizge hular, Kalli ya ja da baya. Can ƙasan ransa wata murya tana gaya masa cewa kurɓa ɗaya daga butar nan za ta kwantar da duk wannan. Butar tana nan gindin bishiya, taku goma. Ya dube ta. Sannan ya rungumi buhu na uku, ya kayar da shi, ya kama gindinsa ya zazzage tattasan a fili.

"Ka haukace!"

Ya kayar da na huɗu. Ya kayar da na biyar. Ba wanda ya taya shi, ba kuma wanda ya riƙe shi. Mutanen suka tsaya cirko-cirko suna kallon Laminu, Laminu na kallon kamyo. Kalli ya ɗauki manjagara ya shiga baza tattasan siriri yadda rana za ta ratsa, yana atishawa, yana hawaye, gumi ya jiƙe masa riga. Da ƙarfe biyu ta yi, direba ya ɗauki buhu biyun da aka ɗinke ya tafi yana zage-zage.

Laminu ya ciro waya ya matsa gefe. Ba a ji duk abin da ya faɗa ba, amma an ji "tubabben nan" sau biyu, an ji "ya watsar da kaya". Da ya gama ya dawo ya tsaya gaban Kalli.

"Alhaji yana hannun likita, ɗansa ne ya ɗauka. Ya ce kada ka sake taka lambun nan sai Alhaji ya yi magana da bakinsa."

"To."

"To kawai? Ka san ba wani mai lambu da zai ɗauke ka in aka ji wannan?"

"Na sani, Ya Laminu. A juya shi gobe da safe, in raɓa ta ɗauke. Kwana huɗu ya ishe shi."

Ya ɗebi tattasai uku daga cikin masu danshin ya ƙulle a leda, ya tattara butarsa da murhunsa. Sai da ya gangara ya tsoma ƙafafunsa a kogi kamar kullum, sannan ya kama hanyar gari a ƙafa.

Hadjara ta saurari labarin tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba sai da ya kai ƙarshe.

"Da ka ɗinke, wa zai sani?"

"Ni."

"Kai za mu dafa mu ci?"

Ta ci gaba da tsinta, tana jefar da tsakuwa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Can ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ka sha?"

"Ban sha ba."

"Ko kurɓa?"

"Ko kurɓa. Na dai dube ta."

Ta ture faifan gefe ta tashi. "Akwai guntun bandar kifi. Bari in sa maka a miya."

Washegari ya kai ƙullin tattasan nan uku gidan Alhaji Goni a unguwar da ke bayan kasuwa, ya ba uwargidan, ya roƙe ta ta ajiye su cikin ledar a ɗaure kada a buɗe, in Alhaji ya dawo a ba shi ya shinshina da kansa. Ta karɓa tana kallonsa kamar mai taɓin hankali, amma ta karɓa.

Tun ranar yana gida. Da safe yakan raka Sumaiya har ƙofar lakwal, wato makaranta, ta riƙe masa ɗan yatsa tana ba shi labarin wata ƙawarta da ta haɗiye maɓalli, labarin da ba ya ƙarewa. In ya dawo ya gyara wa Hadjara dangar da ta faɗi tun damina, ya hura gawayi ya ɗora shayi a ƙofar gida. Zaman banza shi ne abokin gabarsa, ya san haka, don teburin mai ƙwaya yana nan a kwanar layinsu, kuma mai teburin har ɗaga masa hannu yake yi. Kalli yakan ɗaga masa kofin shayi daga inda yake zaune, ya kurɓa a gabansa, a hankali, har ya ƙare.

Jiya ɗaya daga cikin 'yan ƙwadagon ya biyo da yamma, ya zauna ya sha shayi kofi biyu. Ya ce an juya tattasan, ya bushe, yana ƙara a kunne. Ya ce Laminu ya sayo basilla a kasuwa ya gwada ɗinki, buhu biyu sun buɗe tun kafin a ɗaga su. Ya kuma ce ɗan Alhaji har yanzu yana cikin fushi saboda kamyon da ya tafi wayam, kuma ya rantse zai nemo wani mai ɗinki daga garin Maine. Da zai tafi ya tsaya yana juya ɗan kofin a hannu, ya tambayi sunan ma'aikacin likitan nan Bazabarme. Kalli ya gaya masa.

An ce an kwance wa Alhaji Goni ɗaurin ido ranar Laraba, kuma zai shigo Diffa cikin satin nan. Ko zai mayar da Kalli lambu ko zai sallame shi, ba wanda ya sani. Yau kwana shida ke nan, Alhaji bai iso ba, bai kuma aiko ba.